Abin da Ungozoma Ta Gani

Ƙaura Namoda,
17 ga Fabrairu, 1991.

Zuwa ga taubashina Labbo, likitan Shinkafi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran majinyatan da Allah bai yi kwanansu zai ƙare a hannunka ba. Mu nan lafiya lau. Bilkisu na gaishe ka. 'Yarka Alheri ta fara tafiya, ba abin da ke zama lafiya a tsakar gida yanzu.

Kasuwar hatsi sai godiya. Jirgi ya yi mako biyu bai leƙo Ƙaura ba, buhunanmu na jibge a tasha ƙwari na walima.

To ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Da wani ne ba kai ba, wallahi sai dai in mutu da maganar a ciki, amma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ai ba kunya. Tun kaka ɗaya daga cikin 'ya'yan marainana, na hagu, ya kama girma. Yanzu ya kai ƙwan agwagwa, ga tauri ga nauyi, amma ko kaɗan ba ya zafi. Na ma san mafarinsa. Ranar da muke lodin dawar Jangeru na zame daga saman mota, na sauka a kan ƙarfen ƙofar baya kamar mai hawan doki.

Na nuna wa Jaji wanzami, wanda ya yi mini kaciya da hannunsa. Ya taɓa ya ce, "Gwaiwa ta. Ruwa na yat taru, sakiya guda ta ishe shi." Ni kuwa ka san ni da tsini. Shi ya sa na ce bari in fara taɓa ka, ko kana da 'yan ƙwayoyin da za su tsotse ruwan cikin rufin asiri. Ka ba Usmanu direba a ƙunshe, kada ka rubuta komai a jiki. Ka san 'yan kasuwar hatsi, in suka ji labarin nan sunana ya canza ke nan har kabari.

Ka gaida amarya. Ka huta lafiya.

Naka,
Maccido.

*

Shinkafi,
19 ga Fabrairu, 1991.

Maccido bawana,

Na amsa gaisuwa, ina kuma gaida Bilkisu da Alheri.

Ba zan aiko da ƙwaya ko ɗaya ba sai na gani da idona. Abu biyu nake roƙo. Na farko, kada ka bari Jaji ko wani ya kusance ka da tsinke ko aska. Na biyu, jibi Alhamis ai kana zuwa cin kasuwarmu, to kafin ka kwance bakin buhu ko ɗaya ka biyo asibiti. Ka shigo ta baya ka ce ka zo gaida ubangidanka, ba wanda zai yi mamaki.

Da kumburin yana zafi da hankalina ya fi kwanciya.

Sai na gan ka.
Labbo.

*

Shinkafi,
23 ga Fabrairu, 1991.

Ɗan'uwana Maccido,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, ko da yake ka fita ka bar hularka a kan teburina, ko sallama ba ka yi mini ba. Ban ji haushi ba. Ni ma da an ce za a cire mini abin da na ce za a cire maka, ina jin har takalmi zan bari. Tunda ba ka tsaya ka ji ƙarshen zancen ba, ga shi a rubuce. Ka karanta a tsanake.

Ka tuna na ja labule na haska wurin da tocila. Da ruwa ne, da hasken ya ratsa ya yi ja. Bai ratsa ba. Tsoka ce, ƙari ne, kuma a shekarunka ƙari mai tauri a wannan wuri ana ɗaukarsa ciwon daji ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Faɗuwar da ka yi ba ita ta kawo shi ba, ita dai ta sa ka kai hannu ka ji shi.

Ka tambaye ni cikin faɗa, to daga ina? Ga abin da na koya a shekarun da na yi a Zariya. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Tun mutum yana ɗan tayi, bai kai wata biyu a ciki ba, ake ware wasu daga cikinsu su zama iri, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da zai shuka baɗi. Su yi tafiya a cikin jikin tayin su sauka inda maraina za su tsiro. A can ya kamata su nuna, su bar halin ƙuruciya, su jira balaga su riƙa ba da maniyyi. To wani lokaci kaɗan daga cikinsu ba sa nuna. Sai su tsaya ɗanyu, su yi barci shekara goma sha wani abu ba wanda ya san da su. Ranar da yaro ya balaga, sinadarin da ke buɗe masa murya ya tsiro masa da gemu shi ne yake tashe su. Daga nan su kama rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, a cikin 'yan siraran bututun da ke cikin ɗan maraina.

A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka arba'in da shida, an jera su biyu-biyu, masana na ce musu kuromosom. A jikinsu umarnin ƙwayar yake: yaushe za ta rabu, yaushe za ta tsaya. Duk lokacin da za ta rabu sai an kwafi zaren nan kaf. Su waɗannan ɗanyun ba sa kwafa daidai, wani zaren ya yi yawa, wani ya ɓace. Kuma ba a fi shekara goma ba da masu bincike suka gano cewa a mafi yawan irin wannan ƙari, guntun ɓangaren zare na goma sha biyu ne yake ninkuwa. Idan aka kai nan, ƙwayar ta daina jin tsaya. Ta fasa bututun, ta tara 'yan'uwanta, su zama curin da kake ji. Abin da ke hana su nuna tun farko, ba wanda ya sani tabbas. An dai lura ya fi samun wanda aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba. Ko ka taɓa jin an ce haka aka haife ka?

Jaji mutumin kirki ne, kuma masu ruwa da yawa sun samu sauƙi a hannunsa. Amma in ya huda wannan, ba ruwan da zai fito, ya dai buɗe wa ƙwayoyin ƙofa zuwa fata da sauran jiki. Shi ya sa a asibiti ma ta mara ake bi a ɗauke shi ɗungurungum. Na daman ya ishe ka zama namiji, ya ishe ka yi wa Alheri ƙanne in Allah ya nufa. Ga kuma abin godiya: ɗanyantakar nan tasu ita ta sa ba sa jure magani. Akwai allurai yanzu da ke kashe su ko sun fara yaɗuwa, in dai ba a makara ba.

Na rubuta maka takardar zuwa asibitin koyarwa na Zariya, tana nan tare da hular. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka zo ka karɓa.

Naka har kullum,
Labbo.

*

Ƙaura Namoda,
10 ga Maris, 1991.

Malam likita,

Gaisuwa. Na ga littafin da ka aiko. Na karanta sau biyu, na biyun da ruwa a kusa.

Labbo, ni bunsuru ne da za a dandaƙe? Ku 'yan boko in kaza ta yi tari sai ku ce a yanke wuya a duba. Zare arba'in da shida! Ko masaƙi bai ɗora wannan a kan mutum ba. Kai ka gan su da idonka a jikina? Jaji kuwa na san mutum uku a kasuwar nan da ya yi wa sakiya, ga su nan suna ɗaukar buhu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da ka ce tun a ciki. Wato yanzu Innar Zurmi, gwaggonka, ita ka ɗora wa? Baiwar Allah da ba ruwanta. Kuma wa zan tambaya yadda aka haife ni? Kaka da ta goya ni tun yaye ta rasu. Ko so kake in je Zurmi in durƙusa gaban matar da ko sunana ba ta taɓa kamawa ba, in ce Inna guda nawa kika haife ni da su? Haba Labbo.

In ma maganarka gaskiya ce, abin da ya zauna da ni shekara ashirin da tara bai kashe ni ba ai ya zama ɗan gida. Ni lafiyata lau, ina ci ina sha, in ban da bayana da ke ɗan riƙewa kwanan nan, wannan kuwa aikin buhu ne.

Jaji ya ce ba ya zub da jini ga azumi na ƙaratowa. Mun tsaida Asabar ɗin bayan Sallah. Hular ka riƙe, na bar maka sadaka.

Ka gaida gida.
Maccido.

*

Shinkafi,
2 ga Afrilu, 1991.

Zuwa ga Gwaggo Uwani, a Zurmi, ta hannun 'yarta Malama Lami.

Gwaggo, ina durƙusawa ina gaisuwa. Ina fata ana shan ruwa lafiya, Allah ya karɓi ibada. Baba yana gaida ƙanwarsa. Lami, don Allah ki karanta mata wannan ku biyu kaɗai, kuma kada ki tsallake komai don nauyinsa.

Gwaggo, ki gafarce ni, zan yi maganar da ba a yi da ke. Na san ɗan fari ba a kama sunansa, ba a tambayar lafiyarsa, kuma tun tasowata ban taɓa jin kin karya wannan ba. Da akwai wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa taki ba.

Yayan Lami na Ƙaura ba shi da lafiya. Ƙari ne ya fito masa a mazantaka, ɓangaren hagu, irin wanda in aka yi aiki da wuri ake warkewa, in aka bari yake kisa. Ya ƙi zuwa Zariya. Ya shirya da wanzami za a huda wurin Asabar ɗin bayan Sallah, hudawar kuwa ita ce babban haɗarin. Na aika masa takarda biyu bai amsa ba. Na je Ƙaura da kaina, aka ce ya tafi ƙauye awo, alhali ga babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya fara kukan ciwon baya, wannan ne ya hana ni sukuni, don ta can ciwon yake fara bi in zai yaɗu.

Irin wannan ƙari tun mutum na ciki ake shuka shi, kuma ya fi kama wanda aka haifa ɗaya bai sauko ba. Shi gani yake ƙirƙira na yi. In haka aka haife shi, kuma ya ji daga bakin wanda ya sani, wataƙila ya yarda ba ruwa ba ne. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce wa Lami i ko a'a, ya wadatar.

Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Ɗanki,
Labbo.

*

Zurmi,
7 ga Afrilu, 1991.

Yaya Labbo, gaisuwa. Na karanta mata ranar Laraba, ta tashi ta hau tankaɗe. Sai yau da hantsi ta ce in ɗauko biro. Na rubuta yadda ta faɗa, ban gyara ba. Lami.

Labbo ɗana, na ji takardakka. Ka gaida mini Yaya.

I, haka na. Randa anka haihe shi, ungozoma Indo na yi mai wanka taj juya tac ce ma uwam mijina, guda ɗai na, na hagu bai sauko ba. Ni ina bisa gado na ba su baya, kamar ban ji ba. Tsohuwa tac ce a yi shiru, shi ka saukowa da kainai. Da anka yaye shi tat tahi da shi Ƙaura. Shekara shidda ban san ko ya sauko ba, kuma ba ni iya tambaya. Sai wata rana wurin suna naj ji tana hwaɗa ma wata cewa ya sauko. Ba ni tah hwaɗa ma ba, amma na san don ni tad ɗaga murya. Indo ta rasu, tsohuwa ta rasu, saura ni.

Mutane na cewa ɗan hwari ba a kula shi. Baki na ba ya kulawa.

Ni ma ina da tambaya, kuma kak ka ɓoye mini don ina gwaggonka. Sa'adda ina da cikinai na ci hwarar ƙasa da yawa, ana hana ni ina ɓoyewa. Kuma na taɓa hwaɗuwa bakin rijiya da tulu, ban gaya ma kowa ba. Ko shi na yaj jawo mai?

Kak ka koma Ƙaura. Ka bar mini mutumin.

Haza wassalam.

*

Ƙaura Namoda,
19 ga Afrilu, 1991.

Labbo,

Barka da Sallah. Munafuki. Na san aikinka ne, kuma in na tashi ramawa sai ka gane ɗan mace ba abin wasa ba ne.

Jiya Alhamis da la'asar na dawo daga kasuwa, na tarar da takalman da ban sani ba a ƙofar ɗakin Bilkisu. Na leƙa, sai ga Inna zaune a tabarma, ga ƙullin kayanta a gefe har da 'yar tukunya. Labbo, tunda na yi aure matar nan ba ta taɓa taka gidana ba, ko sunan Alheri Lami ta turo. Na durƙusa daga waje na gaishe ta. Ta amsa wa ƙyaure, yadda ta saba.

Na yunƙura zan tashi sai na ji ta ce, "Bilkisu, zamna in ba ki labari." Ta juya mini baya sosai, ta kama ba Bilkisu labarin wata mata a Zurmi da ta haifi ɗa, ungozoma ta ce ɗaya bai sauko ba. Ta faɗi sunan ungozomar, ta faɗi ɓangaren. Ta ce matar ta yi shekara shida tana son ta tambaya ba hali. Bilkisu ta sunkuyar da kai tana ta murza bakin zane. Ni kuwa ina tsugune a rana kamar an dasa ni, ga zufa ga kunya. Shekara ashirin da tara ina zaton matar nan ko tsawona ba ta sani ba.

Da ta gama sai ta ce, "Ni za ni Zariya ran Talata in ga likita, ƙahwata ka ciwo. Ban san hanya ba, ban taɓa wuce Gusau ba. In da mai raka ni, to. In babu, Allah na nan."

Ƙafarta lafiya lau, Labbo. Daga tasha a ƙasa ta tako da kaya a ka, ta ƙi hawa babur. Amma ka gaya mini, wane ɗa ne zai bar uwarsa ta shiga jirgi ita kaɗai zuwa garin da ba ta san kowa ba? Da umarni ta ba ni, ina jin da na samu abin cewa. Ba ta ba ni ba.

Yau bayan Juma'a na je na sami Jaji na ce a fasa. Na zaci zai yi fushi. Ya ce, "In uwa ta hana, aska ta koma zabira." Har addu'a ya yi mini.

Ka ba Usmanu takardar asibitin gobe. An ce jirgi zai tashi Talata, in bai tashi ba mu bi mota. Kuma tunda kai ne, bari in faɗa: tsoro nake ji. Ba wuƙar ba, abin da za su ce sun gani a bayan nan nawa. In wani abu ya faru, Alheri 'yarka ce, ba sai na yi dogon zance ba.

Ka haɗo da hulata. Na fasa sadakar.

Naka,
Maccido.

*

Zariya,
6 ga Mayu, 1991.

Ɗan'uwana Labbo,

Gaisuwa daga gado na huɗu. An yi aiki yau kwana shida, na fara takawa. Abin da ka ce ne. Ciwon ya ɗan taɓa baya, za a fara allurai mako mai zuwa, wata uku. Babban likitan ya ce da kyakkyawan zato, kuma gara da ba a huda ba.

Inna tana baranda da tukunyarta. Ba ta shigowa. Kullum da safe sai ta tare nas ta ce, "Ya mai gado na huɗu ya kwana?"

Jiya na ji tana tambayar mai shara ko cin farar ƙasa na lalata ɗa a ciki. Ashe ta tambaye ka, in ji takardar Lami, amsarka kuma ta je Zurmi bayan ta taho. Na tambayi likitocin nan, sun ce ba ita ba ce, ba kuma faɗuwar da ta yi a bakin rijiya ba. Ni ba zan iya gaya mata ba, ita kuma ba za ta iya tambayata ba. Ka sake rubutowa nan da sauri, ka faɗa a fili cewa ba laifinta. Zan fita baranda in karanta wa bango da ƙarfi.

Naka,
Maccido.